Alhamis a Maigatari: iyaka, canji da amana

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, amma mai neman dabbar kirki da ya bari sai Alhamis da hantsi ya iso, ya makara. Tun Laraba da la'asar garkunan da suka kwana biyu ko uku a hanya suke fara shigowa ta arewa, 'yan kore na biye da su da sanduna, manyan motoci kuma na jeruwa a bakin kara suna jiran lodi. Kafin rana ta take tsaka manyan bijimai sun riga sun sami iyayen gida. Abin da ya rage bayan azahar galibi ragowar zaɓe ne, ko dabbar da mai ita ya ƙi sallamawa da safe, yanzu kuma yana neman wanda zai taya ko nawa ne.

Garin yana arewacin Jihar Jigawa, cikin masarautar Gumel, daf da iyakar Nijar ta wajen Dungas a jihar Damagaram. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 180,000, mafi yawansu a ƙauyuka. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, damina gajera, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ake nomawa kuma gero ne da wake da dawa da riɗi da zoɓo da kankana. Noman nan shi kaɗai ba zai sa fatake su taso daga Legas ko Anaca su nufo nan ba. Abin da ke kawo su shi ne garin ya zauna a daidai inda ƙasar kiwo ta haɗu da ƙasar masu cin nama, kuma a daidai inda sefa ta haɗu da naira.

Iyakar da ta raba gida ɗaya

Sarautar Gumel ta Mangawa ce, tushenta na komawa wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma Borno take bi. Jihadin 1804 bai ci ta ba, shi ya sa ta yi zamanta dabam da maƙwabtanta irin su Haɗeja da Kazaure da Kano, ta kuma sha yaƙi da wasunsu, ga hare-haren Damagaram daga arewa a ƙarshen ƙarni na 19. Hedikwatarta ta dā, Tumbi, wadda aka bari aka koma Gumel a 1845, yau tana cikin Nijar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin yankan da iyakar ta yi. Turawan Ingila sun karɓi Gumel a 1903, Faransawa kuma sun riga sun kama Damagaram tun 1899. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa turakun iyaka daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Layin ya bar gonar wani a wannan gefe, rijiyar da yake shayar da dabbobinsa a wancan gefe.

Mutanen ba su daina auratayya ba, ba su daina zuwa suna da jana'izar juna ba. Abin da ya sauya shi ne haraji ya zama iri biyu, kuɗi iri biyu, farashi iri biyu. Duk inda aka sami farashi biyu kusa da juna kuwa, kasuwa za ta tsiro a wurin ko an so ko ba a so ba. Jirgin ƙasa da ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa cikin ƙasar Gumel, ya buɗe wa gyaɗa da fatu da dabbobin yankin hanyar Kano da kudu. Da fari na 1973 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, dabba ce ta ci gaba da riƙe kasuwa, kwalta da tirela suka gāji jirgi.

Makiyayin da ya taso daga wajen Gure ko Tanut yana da dabba, ba shi da isasshen hatsi. Yana bukatar gero, dusa, sukari, ganyen shayi, atamfa, takalman roba, batir, maganin dabbobi. A zamanin tallafin mai, har fetur yana cikin abin da ke komawa arewa. Saboda haka cinikin Alhamis kashi biyu ne: da safe dabba ta zama kuɗi, da yamma kuɗin ya koma kaya. Ɗan tireda da mai awo suna jiran kara ta tashi kafin nasu cinikin ya kankama, kuma ranar da dabba ba ta yi kuɗi ba su ma sun san da kayansu za su koma gida.

Yadda ake cinikin sa

Baƙon da ya kawo dabba ba ya shiga kara ya tsaya yana kiran masu saye. Yana da mai masauki, wanda ake kira fatoma, galibi wanda ubansa ma a gidan yake sauka. Fatoma ne zai ba shi wurin kwana da abinci, ya nemi inda za a ɗaure dabbobi a ba su ruwa, ya haɗa shi da dillali in ba shi da kansa ne dillalin ba. Aikin dillali ya wuce haɗa mai saye da mai sayarwa. Shi ne shaida. In bayan mako uku wani ya zo ya ce san nan nasa ne aka sace, ba Buzun da ya riga ya koma daji za a nema ba, dillali za a kama, shi zai fito da wanda ya ba shi. La'adar da ake biyansa a kan kowane kai kuɗin wannan lamuni ne. Masu cewa a kawar da dillalai don farashi ya sauka ba su taɓa gaya mana wa zai ɗauki wannan nauyi ba.

Mai saye yana fara dubawa ne da ido daga nesa: yadda dabbar ke tsaye, ko tana tuƙa, ko ta ware kanta daga sauran. Sai ya matso. Hancin lafiyayyen sa da danshi yake, in ya bushe ko yana zubar da majina mai kauri akwai magana. A taɓa tozo, a matsa gindin wutsiya da ƙirji, nan kitse yake taruwa. A sa yaro ya kora shi ya ɗan yi sauri. Mai ciwon huhu zai tsaya ya miƙe wuya yana tari, mai ɓoru zai ɗingisa, a duba bakinsa da tsakanin kofato a ga gyambo. Kirci a fata yake bayyana, yana kuma rage kuɗin ƙirgi. Ciwon hanta ya fi wuyar ganewa, sai dai kumburin ƙarƙashin haɓa da rama, wani lokaci ma sai mahauci ya farke ciki zai gani.

Shekaru kuma a baki ake karanta su. Sa yana fitar da manyan haƙoran gaba guda biyu yana wajen shekara 2, huɗu a wajen shekara 3, ya cika takwas yana kusan shekara 5. Daga nan sai su fara cinyewa, tazara ta bayyana a tsakaninsu. Rago yana sauya biyun farko bayan ya cika shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen layya, domin a mazhabar Malikiyya rago sai ya cika shekara ɗaya, sa shekara 3, raƙumi shekara 5. Ɗan rago mai jiki da aka ɗura wa dusa yana iya ruɗar ido, haƙori ne ke tona shi.

Akwai algus da kowa a kara ya sani. A lasa wa dabba kanwa ko gishiri da dare, da asuba a sake ta a kan ruwa ta sha har cikinta ya yi tim, kwiɓinta ya cike. Wanda bai sani ba zai ga ƙiba. Masani zai danna kwiɓin hagu ya ji ruwa ne ke motsi, ya duba ƙashin baya da haƙarƙari ya ga ba nama a kansu. Dabbar da aka yi wa haka, kwana ɗaya a mota za ta zube ta koma yadda take.

Daga nan sai tayi. Mai saye ya faɗi kuɗi, dillali ya ce albarka. Ya ƙara, a sake cewa albarka. Dillali ya ja mai dabba gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce a ƙara kaza a rabu lafiya. In an daidaita, mai dabba ya ce ya sallama, a tafa, a yi addu'ar Allah ya sa albarka, a shafa wa dabbar fenti da alamar mai saye, a yanki takardar shaida. Duk wannan ba sikeli a ciki. Nauyin sa da ido ake ƙiyasta shi, kuma a nan ne makiyayi ya fi cutuwa, domin falken da ke sayen shanu duk mako ya fi shi sanin kilo nawa na nama za a fitar. Tsakanin su biyu kuma akwai 'yan baranda, masu saye da sassafe daga hannun baƙon da ke gaggawa su sayar kafin azahar, ba tare da dabbar ta taka ko'ina ba. Ana yawan zaginsu, amma su ne ke sa baƙo ya sami kuɗi a hannu ranar da manyan fatake ba su zo ba.

Kowane irin dabba da masu nemansa. Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho su ne na mahautan kudu. Azawak masu kiwon madara ke bi. A tumaki, Balami da Uda su ne manyan ragunan Sallah, 'Yankasa na mai ƙaramin ƙarfi. Jar akuya fatarta ake so, doguwar akuyar Sahel kuma nama. Raƙumi, wanda Maigatari ta yi suna a kansa, ana dubansa ta tozo da tafin ƙafa, a gurfanar da shi a tayar a ga ko gwiwa lafiya, a duba wuya da cinyoyi saboda ƙazuwa. Yawancin raƙuman yanzu mayanka suke tafiya, musamman ta Kano, ba fatauci ba. Jaki kuwa ya yi tsada har ya gagari manomin da ke ɗaukar taki da shi, saboda masu sayen fatarsa don kaiwa Sin. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Jaka nawa yau?

Tambayar farko da falke ke yi in ya sauka daga mota ke nan, tun kafin ya tambayi kuɗin sa. Mutumin Nijar da dala da jaka yake lissafi: sefa 5 dala ɗaya, sefa 1,000 jaka ɗaya. Ko da naira aka biya shi, a zuciyarsa yana mayar da ita jaka ne, domin da sefa zai biya bukatunsa a gida. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Naira kuwa ta sha faɗuwa. A 2014 jaka ɗaya ba ta kai naira 400 ba. A 2024, bayan an saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, jaka ta haura naira 2,000.

A ɗauki sa wanda mai shi ke son jaka 300. In jaka tana naira 350, kuɗinsa naira 105,000 ne. In ta koma 2,500, san nan dai, da ƙahonsa da tozonsa, ya zama naira 750,000, alhali makiyayin bai ƙaru da ko dala ɗaya ba. Mahaucin Legas ba zai iya ninka kuɗin nama sau bakwai a sami masu saye kamar dā ba, sai falke ya matsa wa makiyayi ya rage. In ragin ya yi yawa, makiyayi ya riƙe dabbarsa ko ya nemi wata kasuwa da ake biya da sefa. Faɗuwar naira tana rage dabbar da ke shigowa, a lokaci guda kuma tana sa hatsi da kayan masana'antun Najeriya su yi wa mai sefa araha, sai buhunan gero da masara su riƙa tsallakawa arewa, mudu ya tashi a gida. A Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, akasin haka aka gani: dabbar Nijar ta yi arha ga mai naira, kara ta cika.

Shi ya sa 'yan canji, da jakunkunansu da wayoyinsu a ƙarƙashin rumfa, suke da tasiri a kan farashin nama fiye da yadda ake zato. Kuma shi ya sa ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya yi wa irin wannan kasuwa mugun bugu. Makiyayi ba shi da asusun banki a Najeriya, wani ko katin shaida na nan ba shi da shi. Ba zai ba da sa a nuna masa saƙo a waya ba, balle ga labarin saƙon bogi ya yaɗu. Sai ciniki ya koma farashi biyu, na tsaba da na tura kuɗi, wanda ke da tsaba a hannu ya sayi dabba a ƙasa da ƙimarta. Masu POS sun cike wani giɓi tun daga lokacin, amma ranar kasuwa, sa'ad da dubban wayoyi suka taru wuri guda, sabis yakan yi nauyi, a bar mutum tsaye da igiyar sa a hannu yana jiran kuɗi su shiga.

Daga kara zuwa kudu

Tirela tana ɗaukar manyan shanu wajen 30 zuwa 40, gwargwadon girmansu da tsawon ƙaho. Ana zuba yashi a ƙasan motar don kada kofato ya zame, a ɗaure ƙahoni a jikin ƙarfe, a jera su kai da gindi. Yara biyu ko uku suna hawa sama su bi kayan, aikinsu su tayar da duk dabbar da ta kwanta, domin in ta kwanta sauran za su tattake ta, su kuma yanka wadda ta galabaita kafin ta zama mushe. Tafiyar Legas ta haura kilomita 1,000, kwana biyu zuwa uku in mota ba ta lalace ba, kuma galibi ba ci ba sha. Dabba tana zubar da nauyi sosai a wannan tafiya. In aka cusa fiye da ƙima don a rage kuɗin mota a kan kowane kai, asarar sa ɗaya tak tana cinye abin da aka yi tattali har da ƙari.

Sai kuma shingaye. Kowace jiha da nata karɓar, ga na ƙananan hukumomi, ga waɗanda ba su da rasit. Falke yana ware kuɗin hanya tun daga Maigatari, kuma daga farashin da zai taya makiyayi yake cire shi. A can kudu ma ba kasafai ake biya nan take ba. Mai masaukin can yana raba shanun ga mahauta bashi, su yanka su sayar su kawo kuɗi bayan kwanaki. Mahauci ɗaya ya gudu, ko rikici ya tashi kamar na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, wanda ya sa ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, sai bashin ya biyo hanya har ya iso kan dillalin Maigatari da ya tsaya wa falken. Dukiya mai yawa tana yawo a wannan hanya ba tare da takardar yarjejeniya ko ɗaya ba, sai sanayya da tsoron zubewar mutunci. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Wudil ranar Juma'a da Mai'aduwa ranar Lahadi.

Abin takaici a nan shi ne dabbar tana barin garin da ƙafarta, da fatarta, da ƙashinta, da jininta. Duk sana'ar da ke biyo bayan yanka a wani wuri ake cin moriyarta. An kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari a zamanin gwamna Saminu Turaki, da niyyar a riƙa sarrafa kaya a nan kafin a fitar, amma ya shafe shekaru bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Mayanka ta zamani da motocin sanyi suna bukatar wutar da ba ta yankewa, kuma masu cin nama a kudu sun fi son wanda aka yanka da safen nan. Riɗi da zoɓo ma haka suke fita: a auna a ƙauye da kwano, a tara a buhu, a kai Kano a tankaɗe a tsince, sannan a wuce da su tashar jiragen ruwa. Manomin da ya shanya zoɓonsa a ƙasa ya kwashe da yashi, ko ya zuba riɗi a buhu bai gama bushewa ba har ya yi fumfuna, shi ake yanke wa farashi. Meziko, babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ta taɓa dakatar da karɓarsa saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, kuma manoman Jigawa sun ji a jikinsu.

Ranar da aka rufe ƙofa

A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka kuma sauya launin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta faɗo daidai da fari mai tsanani, shekara guda bayan cutar bushiya ta kashe shanu masu yawa. Har yau a ƙasar Hausa ta Nijar ana kiran yunwar wannan shekara El Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019 saboda shinkafa da fetur, a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa mutumin Maigatari ya koma sayen mai a galan da tsada a cikin ƙasarsa. Da aka tashi buɗewa ranar 16 ga Disamba 2020, Maigatari na cikin iyakoki huɗu na farko, tare da Illela da Seme da Mfum. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da takunkumin ECOWAS, ƙofa ta sake rufuwa har Maris 2024.

Rufe iyaka a irin wannan ƙasa ba ya tsayar da dabba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba kogi ba dutse, saniya kuma ba ta bukatar kwalta. Abin da yake yi shi ne ya mayar da tafiyar sa'a ɗaya ta zama ta dare guda ta cikin gonaki, ya ƙara yawan hannayen da za a cika, ya jawo rigima da manoma in da amfani a gona. Babban falke yana da abin biya, zai wuce. Wanda ke faɗuwa shi ne mai akuya biyu, da matar da ke tsallakowa da ƙwaryar nono, da mai amalanken da ke ɗauko buhu huɗu. Gwamnati kuma ta rasa kuɗin shigar da take samu a ƙofa, likitan dabbobi ya rasa damar duba abin da ke shigowa. Ana yanke irin wannan shawara a Abuja ko Yamai ana tunanin Legas da Kwatano, ba a lissafa garin da Alhamis ɗaya ke ciyar da shi kwana bakwai.

Daga baya ma abin ya zama ta ɓangare biyu. Nijar ta hana fitar da hatsi a ƙarshen 2024, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sannan ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallar 2025 don rago ya yi sauƙi a gida. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuma ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, bai biyo ta Gumel ba.

Masu cin abinci a gefen kara

In ana maganar kasuwar nan, adadin shanu da tireloli ake ambata, amma yawancin masu rayuwa da ita ba su taɓa mallakar sa ba. Akwai 'yan garuwa da masu kurar ruwa, domin dabbar da ta yi tafiyar kwana biyu ruwa take fara nema, kuma babban sa yana shan lita 30 zuwa 40 a ranar zafi. Akwai masu harawa da ƙaiƙayi da dusa, masu tufka igiya, maƙera, 'yan lodi, 'yan kamasho, masu shayi, masu tsire da balangu, masu facin taya. Matan aure da ba sa fita suna dafa shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosai da fura, yara su kai talla, kuɗin Alhamis ne ke zuba adashin mako. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba kunya: ajujuwan makarantu suna raguwa ranar kasuwa, kuma yarinyar da ke yawo da tire a cikin dubban baƙi har magariba tana cikin haɗarin da ribar ƙosai ba ta kai shi ba. Washegari kuma masu kwasar kashin dabbobi su shigo da amalanke, domin a ƙasa mai rairayi irin wannan, taki kuɗi ne.

Awaki da tumakin da ke cika gefen ƙananan dabbobi da yawansu na mata ne. Su ne bankin gida: a sayar da akuya a biya asibiti, a sayi taki, a haɗa kayan ɗaki. Farashinsu yana bin shekara. A ƙarshen bazara, rumbu ya yi ƙasa, ciyawa ta ƙare, dabba ta rame, kowa na sayarwa a lokaci guda, hatsi kuma yana kan tsadarsa, sai akuyar da za ta sayi buhun gero da kaka ta kasa sayen rabinsa. Da kaka lamarin yake juyawa. Manomi ya sayar da riɗi da wake, ya sayi ɗan rago ko maraƙi ya ɗaure a turke.

Kiwon turke yana da ƙa'idarsa. A zaɓi rago mai ƙashi da tsawo wanda ya rame don yunwa, ba don ciwo ba. Makon farko a ba shi maganin tsutsar ciki, a ware shi daga dabbobin gida. A fara da harawa da ɗan dusa kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu. Wanda ya cika wa sabon rago kwano da dusa ko tsaba a rana ɗaya zai wayi gari ya tarar cikinsa ya kumbura, wani lokaci ya mutu. Ruwa mai tsabta kullum, ɗan gishiri ko kanwa, da inuwa. Wata uku zuwa huɗu ya isa. In ya wuce haka, abincin da yake ci ya fi naman da yake ƙarawa.

Lissafin ya dogara ne ga lokacin da Sallah ta faɗo. Babbar Sallah tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2025 farkon Yuni aka yi ta, shekarun da ke biye kuma cikin Mayu da Afrilu za ta riƙa faɗowa, tsakiyar zafin bazara, lokacin da damin harawa ya fi kowane lokaci tsada. Mai niyyar kiwon Sallah a waɗannan shekaru sai ya sayi harawar wake da ta gyaɗa tun Nuwamba, ya ɗora a kan rufi ko rumfa inda gara da raɓa ba za su taɓa ta ba, ya sayi ragon a Janairu ko Fabrairu kafin 'yan baranda su fara tara na Sallah.